Sarkin Yaƙin da Aka Ƙi Yankawa

Akwai wani sarkin yaƙi a daularmu ta Meshika, zamanin kakanni, sunansa Ozomatli. Ado da cika baki kam ba a fin shi. Garuruwan da yake taƙamar ya ci kuwa, duk tun kafin ya isa suka miƙa wuya.

Wata shekara aka ba shi runduna ya je ya murƙushe masarautar Purepecha, maƙwabtanmu na yamma. Wani tsohon falke mai suna Mazatl, wanda ya daɗe yana kai musu auduga, ya ja shi gefe.

"Ranka ya daɗe, na san mutanen nan. Maharba ne na gaske. Kada ka bi da jama'a ta kwazazzabo."

Ozomatli ya dube shi sama da ƙasa.

"Baba, masunta ne fa, ƙarnin kifi kawai suke yi. Koma kan audugarka, ka bar wa maza yaƙi."

Ta kwazazzabon ya bi. Rana ba ta kai tsaka ba kibau suka rufe su ta ko'ina. Mutanensa na faɗuwa suna kiran sunansa, shi kuwa gogan ya tuɓe rigar fatar damisa ya yar, ya ranta a na kare.

Washegari mayaƙan Purepecha suka zaƙulo shi daga rumbun masarar wata tsohuwa, suka ɗaure shi.

Al'adarmu da tasu ɗaya ce: jarumin da aka kama, alloli ake yanka wa shi, kuma mutuwa ce ta daraja. Shugaban maharbansu ya kewaya shi sau ɗaya, ya tofar da yawu.

"Wannan za mu ba allolinmu? Me suka yi mana? Ku kwance shi, ya tafi gida."

Ya yi kwana goma sha biyu yana tafe a ƙasa. Da ya shigo unguwarsu, zawarawan mayaƙansa na zaune a ƙofar gidajensu. Ba wadda ta ko zage shi.

Ya tarar da mahaifiyarsa tana niƙa masara. Ya durƙusa.

"Inna, ni ne. Na dawo."

Ba ta ɗago kai ba.

"Ɗana ya mutu a yaƙi tare da mutanensa, har na gama makokinsa. Bawan Allah, matsa, ka tare mini haske."

Darasi: Wanda ya raina mutane ya ƙi jin shawara, wasu yake fara jefawa cikin halaka, sannan ya rayu da kunyar da ta fi mutuwa ciwo. Ku tura wa duk shugaban da kuka san girman kai ya toshe masa kunne.