Kajin Gindin Rumbu

An ce a ƙasar Gwaskaram, shekarar da darajar kuɗinsu ta faɗi har buhun gero ya ninka uku, manyan masu ba ƙasashe rance suka aiko cewa wakilansu na tafe su duba asusun ajiya. In ba su taimaka ba, ƙasa za ta shiga damina ba taki. Ma'aji Ɗantsoho, mutum mai son yabo fiye da tuwo, ya sa aka cika akwatuna da yashi, aka shimfiɗa daloli a sama.

Akwai wata tsohuwar kyanwa a baitulmali, wadda ta rame tun da ɓeraye suka yi ƙaura. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka san labarin Nomau da Hajiya Tasalla?"

Ya ce, "Faɗi, amma ki gajarta."

Ta ce, "Nomau ya nemi rancen hatsi wurin Hajiya Tasalla, ya rantse rumbunsa cike yake, ɗan ciko kawai yake so. Ya ɗura ƙaiƙayi, ya rufe da dawa. Hajiya ta zo, ko kallon rumbun ba ta yi ba, ta tambayi ina kajinsa. Ya ce suna gidan maƙwabci. Ta ce, 'Malam Nomau, da akwai tsaba a ciki, da suna nan gindinsa. Zauna ka ji labarin Jatau.

'Zazzaɓi ya kama Jatau, yana jin kunyar a ce ya kwanta. Da ya ji likita na zuwa, ya tsoma kai cikin randa. Likita ya taɓa goshi ya ji sanyi, ya ba shi ƙwaya biyu maimakon allura. Wata uku ya yi a kwance. Kai ma da na yarda da kai, ciko zan ba ka, ya ƙare kafin shuka ta fito.'"

Kyanwa ta gyara kwanciya ta ce, "Baƙin nan tun daga filin jirgi za su tambayi 'yan canji nawa dala, su leƙa kasuwa su ji kuɗin shinkafa. In ma suka yarda da yashinka, tallafin mai ƙoshi za su ba ka."

Kunya ta rufe Ma'aji. Ya ce, "Ai sharuɗɗansu ɗaci gare su."

Ta ce, "Ƙwarai, kuma ka ja da su yadda ake cinikin akuya. Amma yaya za ka nemi magani kan ciwon da ka rantse ba ka da shi?"

Ya ce, "Kin yi gaskiya." Ya sa aka zubar da yashin. Da wakilan suka iso, ya buɗe musu akwatunan wayam, sai 'yan dalolin nan kawai, ya ce, "Ga iyakar abin da muke da shi. Ku zauna mu yi magana."