Yadda Goron Suna Ya Rina Haƙoran Gafiya

Ga ta nan, ga ta nanku, yaran gidan nan.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To, ku daina mintsinin juna. Zomo ne ya daɗe yana neman haihuwa, sai Allah ya ba matarsa ɗa namiji. Kun san ba a zuwa suna sai an ga goron gayyata. Ya duba gari kaf, kowa baki ja wur, sai Gafiya mai haƙora farare fat. Ya ce wannan ba ta san goro ba, ya damƙa mata ƙwarya guda ta raba gida-gida.

A ƙofar Giwa ta ce bari ta ɗanɗana ɗaya, kada ta kai wa manya mai tsutsa. A ƙofar Ɓauna ta ƙara. A ƙofar liman ko sallama ba ta yi ba, ta zauna ta cinye sauran. Wannan baiwar Allah, takaicinta nake ji har yau.

Ranar suna aka shimfiɗa tabarmi, rana ta take, ko kare bai leƙo ba. Zomo ya bi gida-gida, kowa na fushi an raina shi. Aka kira Gafiya. Ta zo hannu a baki, tana rantsuwa ta raba. Biri ya yi mata cakulkuli, ta tuntsire da dariya, ga haƙora jajaye kamar an zuba manja.

Ta ce shayi ne. Dila mai shayi ya yage baki: na shayi ruwan ƙasa ne.

Ta ce zoɓo ne. Biri ya zaro harshe: zoɓo harshe yake fara kamawa.

Ta ce haka aka haife ta. Ku ji fa! Tsohuwar Akuya, wadda ta tsufa da goro a kunci, ta jera bakinta da nata. Launi ɗaya sak.

Zomo ya ce, "Gafiya, da kin roƙa, da na ba ki. Yanzu ɗana ya sami suna, ba wanda ya ce amin."

Kunya ta kore ta zuwa rami. Shi ya sa har gobe take gaigayar itace, wai asuwaki take yi, jan kuwa ya ƙi fita. Abin da baki ya ci a ɓoye, haƙori ne ke faɗa a fili.

Kai Ɗanliti, bar leƙen bakina, nawa goron ba na sata ba ne. Ƙurunƙus kan ɓera.