Kan Burtu a Goshin Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku. Talle, saki kyanwar nan ka zauna.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To. Kun san burtu? Baƙin tsuntsun nan mai jan maƙogwaro, mai takawa a ƙasa kamar liman za shi masallaci. Gashin idonsa zara-zara, ko amarya ba ta da irinsa. Fukafukai gare shi, amma ba ya tashi sai ta kama dole. Maciji kuwa abin karin kumallonsa ne. Ni dai a tsuntsaye ban ga na biyunsa ba.

A wani daji rani ya yi tsanani, ruwa ya ƙafe, sai tafki ɗaya ya rage. A bakin tafkin akwai kuka. A kogon kukar Uwar Burtu take renon ɗanta tilo, ko gashi bai gama fito masa ba. Namun daji kuwa in sun ga burtu yana kiwo sai su saki jiki, don sun san ba ya tsayawa inda akwai mugun abu.

Sai aka fara kashe musu 'ya'ya. Yau kibiya ta sami ɗan barewa, gobe ɗan gada, jibi ɗan gwanki.

Sai Giwa ta tara kowa. Barewa ta ce, "Ranki ya daɗe, burtu na gani cikin ciyawa yana sunkuyawa yana ɗagowa. Daga wurinsa kibiyar ta fito." Gada ta ce ita ma. Gwanki ya ce shi ma.

Giwa ta ce, "Uwar Burtu, ki bar mana tafkin nan."

Ta ce, "Ɗana bai iya tafiya ba. In na tafi, mutuwa zai yi."

Barewa ta ce, "Namu fa?"

Ran Uwar Burtu ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta yi musu kuka ba. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Ku ba ni gobe. Ku laɓe bayan itatuwa ku zuba ido. In ɗan gidanmu ne, da ƙafata zan fita, ba sai an kore ni ba."

Washegari da hantsi, sai ga baƙin kai yana leƙowa daga ciyawa. Kun san wane ne? Jatau maharbi ne. Ya ɗaura kan burtu a goshi, ya yafa baƙin mayafi, yana rarrafe, baka da kibiya a ƙarƙashinsa.

Sai Uwar Burtu ta taka har gabansa, ta kumbura maƙogwaro. "Gudum, gudum. Sannu da kiwo, ɗan'uwa."

Jatau ya tattara ƙarfinsa ya ce, "Ƙuƙ."

Ta ce, "Ayya, mura kake yi. Bari in samo maka abin taɓawa."

Sai ta cafko ƙadangare ta miƙa masa. "A gidanmu baƙo ba ya mai da abinci." Bakin burtun nan ya ƙi buɗewa. Jatau, don kada asirinsa ya tonu, sai ya zuro hannu ta ƙasan mayafi ya karɓa. Biri da ke kallo daga reshe saura kaɗan ya faɗo don dariya.

Ta ce, "Burtu da yatsu, yau na ga abin mamaki. Ƙila ka raina ɗan ƙadangare. Tsaya in kawo na manya."

Sai ta shiga ciyawa, ta fito da kububuwa da ranta tana murɗewa, ta dire ta daidai hancinsa.

Wayyo, yara, da kun ga gudu. Burtu ya miƙe da ƙafafun mutum, ya yar da baka, ya yar da mayafi, yana kiran sunan uwarsa. Igiyar ɗaurin ta tsinke, kan burtun ya faɗo ƙasa tim.

Namun daji suka fito suna shewa. Uwar Burtu kuwa ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana duban kan. Ba na itace ba ne. Busasshen kan mijinta ne, uban ɗanta, wanda ya fita kiwo da kaka bai dawo ba. Ta gane shi da ɗan tsagin da ke gefen bakinsa.

Barewa ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ki yafe mana."

Uwar Burtu ta ce, "Ku dube shi da kyau. Maharbi bai ɗaura kan kura ba, bai ɗaura na dila ba. Ya duba dajin nan kaf, bai ga wanda kuka yarda da shi kamar mijina ba. Da kansa aka cuce ku, ba da halinsa ba."

Sai ta ɗauki kan a bakinta, ta juya. Giwa da girmanta ta ja gefe ta ba ta hanya. Ta taka a hankali, ba ta waiwaya ba, har kogon kuka. Ta ajiye shi gaban ɗanta ta ce, "Ga ubanka. Ka tashi da irin takunsa."

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya ƙare mana ita. In kun ji an ce wane ya yi mugun abu, ku matsa kusa ku duba tukuna, ko shi ne, ko wani ne ya ɗaura kansa a goshi.