Yadda Dila Ya Shiga Tsakanin Jatau da Barmo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

"Ta zo mu ji ta, Ilu."

Ni da kuke gani ban taɓa harbi na kuskure ba. To, ban taɓa harbin ba ne ma. Ku dai saurara.

Wata shekara aka yi fari, rumbuna suka bushe, sai daji ke ciyar da gari. Maharba biyu ke shiga, Jatau mai tarko da Barmo mai karnuka. Jatau ya ce Barmo baran kare ne. Barmo ya ce tarko farautar rago ce. Ko gaisuwa ba sa yi. Abu ɗaya ya rage tsakaninsu: inda Jatau ya ɗana tarko yakan ƙulla ciyawa, in Barmo ya gani ya janye karnukansa.

Dila ya lura. Kullum sai ya riga Jatau zuwa, ya cinye abin da tarko ya kama, ya bar sawu. Sawun dila kuwa kamar na kare. Jatau ya koma gida hannu wofi, 'ya'ya na kuka. Gobe haka, jibi haka.

Dila bai ƙoshi ba. Ya bi ya kwance ƙullin ciyawar, don faɗan ya yi tsami. Karyar Barmo ta faɗa tarko, ƙafa ta karye.

Barmo ya saɓo ta har ƙofar Jatau.

"Fito, matsoraci! Ina ƙullinka?"

"Ina namana da karnukanka suka cinye?"

Kowa ya dafa wuƙa. Jatau ya dubi ƙafar karyar. Ya ce, "Wannan ta fi sawun da nake gani faɗi, ashe ba karnukanka ba ne. Zo mu je."

Suka je. Jatau ya ɗana tarko a bakin rafi, Barmo ya saki karnuka. Karnuka suka koro, tarko ya cafke Dila a wutsiya.

Dila ya ce, "Iyayen gidana, na yarda na mutu. Amma naman wa zan zama? Na tarko ko na kare?"

Jatau ya ce, "Naka ne, ɗan'uwa. Karnukanka suka koro."

"Haba, yaya! Tarkonka ya kama."

"Wallahi naka ne."

"Na rantse naka ne."

Suna naka ne, naka ne, Dila ya fizge, ya bar wutsiya, ya yi daji. Ranar ba su ci nama ba, amma daga ranar tare suke shiga, gidajen biyu ba a ƙara kwana da yunwa ba.

Kurunkus kan kurege! In za ku girmama juna, ku fara ɗaure Dila tukuna. Wutsiyar ma Jatau ni ya bar wa gado, ga ta a aljihuna, ku taɓa.

"Kai Ilu, ji tsoron Allah! Wannan ai ta bunsurun da muka yanka ran suna ce, ni na babbake ta!"