Kwaɗon Firjin Darakta

Kwamfutocin kamfanin sun cika da wasanni da manhajojin banza, sai Darakta Alhaji Mudi ya kira Sagir, mai kula da su.

"Ka hana manajojina saka tarkace, amma kada ka taɓa ikon da ni da su muke da shi na saka manhaja. In ka kasa, ka nemi wani aikin."

"An gama, ranka ya daɗe. Bari in fara kulle maka firjinka, na ji ana shanye maka fura."

Sagir ya sa kwaɗo, ya raba wa kowane manaja mabuɗi. Washegari aka wayi gari babu fura.

Darakta ya daka tsawa. "Kai, wane sakarai ne zai kulle abu ya raba wa ɓarayin mabuɗi?"

"Ni ma jiya na so in tambaya, ranka ya daɗe, amma na ji nauyi."

Darakta ya daɗe yana kallonsa. "Je ka karɓe ikon. Fara da wanda ya fi kowa tara shara."

Sagir ya rusuna. "To, ranka ya daɗe, ɗan matsa mini in zauna a gaban kwamfutarka."