Baƙin Gilashin da Barnaba Ya Bari

Akwai wata mace a wani ƙauye na kan tudu, tana da 'ya'ya maza biyu. Babban sunansa Barnaba, ƙaramin kuwa kowa Auta yake ce masa. Su biyun suka tafi wani birni na bakin teku neman abinci, suna ɗaukar mutane hoto a kan yashi. Kyamarar ta Barnaba ce, shi ne kuma ya koya wa ƙanensa aikin.

Wata rana da hantsi Barnaba ya ajiye jakar kyamarar a ƙasa, ya hau wani baƙin dutse da ya kutsa cikin ruwa, don ya duba inda zai tsai da waɗansu baƙi. Raƙumin ruwa guda ya taso ya ɗauke shi. Kwana shida masunta suna nema, ba a gan shi ba.

Da shekara ta kusa zagayowa, ikilisiyar ƙauyen ta sa ranar addu'ar tunawa da shi. Sai uwar ta kira Auta a waya, ta ce, "Auta, kowace uwar da ta yi rashi a garin nan tana da kabarin da take zuwa ta cire wa ciyawa. Ni ba ni da shi. Ko tekun ma ban taɓa gani ba. Ka ɗauko mini hoton inda ɗan'uwanka yake kwance, in gani da idona."

Ya ce, "To, Mama."

Kwana huɗu yana ɗaukar dutsen daga nesa. Kowane hoto ya duba, sai ya ga ruwa ya tashi tsaye yana dukan dutsen, ga kumfa kamar bakin mahaukacin kare. Ya ce a ransa, in na kai mata wannan, shi za ta riƙa gani duk lokacin da ta rufe ido. In kuwa na tafi hannu wofi, na karya mata alkawari.

Ranar tafiya ta zo, motar gida za ta tashi da ƙarfe biyu. Da rana ta take tsaka, sai wani dattijo mai hoto, Baba Ishaku, abokin aikin Barnaba, ya taso daga inuwar kwakwa ya ce, "Kai ɗana, kwana huɗu kana harbin tekun nan. Bai faɗi ba har yanzu?"

Auta ya gaya masa damuwarsa. Dattijon ya karɓi jakar, ya lalubi aljihun ciki, ya fito da wani gilashi kewayayye, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Wannan fa?"

"Ban san amfaninsa ba, Baba. Ba a ganin komai ta cikinsa. Saura kaɗan in yar."

"Yarwa? Lalle yayanka ya tafi bai gama da kai ba. Kafa ƙafafun nan uku na ɗora kyamara, ka dasa su sosai cikin yashi."

Suka ɗora kyamarar a kai. Baba Ishaku ya ce, "Kullum ƙiftawa ɗaya idon kyamararka yake yi, shi ya sa yake kama ruwa a cikin fushinsa. Yau za mu bar shi a buɗe har minti biyu. Amma da tsakar rana irin wannan, in ka bar shi a buɗe haka nan, haske zai cika shi, hoton ya fito fari fat. Sai an rufa masa wannan baƙin, hasken ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan. Saita dutsen yanzu tun kana gani, don in na ɗora ba ka ƙara ganin komai. Abin da yake tsaye zai fito. Masu wucewa ba sa fitowa."

Auta ya saita, aka ɗora gilashin, ya danna maɓalli. Bai kai rabin minti ba zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya kama kyamarar ya leƙa ya ga ko tana aiki. Hoton ya fito a dame, dutsen ma ya zama biyu.

Dattijon ya ce, "Hannunka rawa yake yi. Danna ka ba ta wuri. Tafi can, kada in ga ko inuwarka kusa da ita."

Ya sake dannawa, ya tafi. Ƙafafunsa suka kai shi gindin dutsen nan ta wajen tudu, inda ruwa ba ya kaiwa. Rabonsa da wurin shekara guda. Ya dafa dutsen, ya ji shi da ɗumi. Ya so ya yi addu'a, magana ta ƙi zuwa. "Yaya," kawai ya ce, ya tsaya nan bai motsa ba, har dattijon ya ƙwala masa kira.

Da ya duba hoton, ga teku ya kwanta lif kamar nonon da ya kwana a ƙwarya. Babu raƙumin ruwa ko ɗaya. Ga dutsen a tsaye, kowane tsagi nasa ya fito. A gindinsa kuma ga mutum, kansa a sunkuye.

"Wayyo Baba, na ɓata shi! Ba ka ce mutane ba sa fitowa ba?"

"Masu wucewa na ce. Kai ai tsayawa ka yi."

"Mu sake."

"Ka sake, mota ta tafi ta bar ka? Yi maza ka wanke shi."

Da ya isa gida, ya durƙusa ya miƙa wa uwarsa hoton da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Haka ruwan yake a kwance?"

Auta bai yi mata ƙarya ba. Ya ce, "A'a, Mama. Yana ruri, yana duka. Amma in ido ya daɗe a kansa bai motsa ba, haka yake komawa."

"Wannan fa da yake tsaye?"

"Ni ne. Kuskure ne, ki yi haƙuri."

Ta ɗora yatsa a kan ɗan mutumin nan, ta ɗago ta dubi fuskarsa kamar yau ta fara ganinsa. Ta ce, "Shekara guda ina zancen wanda aka ɗauke mini, ban tambayi wanda aka bar mini yadda ya kwana ba. Na gode wa Ubangiji. Dubi yadda ka rame. Tashi ka wanke hannu."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Raƙuman ruwan su ne baƙin cikin da yake faɗo mana. Gaskiya ne suna duka, kada kowa ya ce muku ba sa duka. Amma wanda ya yi wa rayuwarsa ƙiftawa ɗaya a ranar masifa, fushin ruwa kaɗai zai gani, ya ce ai Allah ya juya baya.

Baƙin gilashin shi ne kwanakin nan da muke addu'a ba mu ganin komai. Mukan so mu yar da su. Ashe da Ubangiji ya zubo mana amsar dukan tambayoyinmu a rana ɗaya, da idonmu bai ɗauka ba. Kaɗan-kaɗan yake shigo da haskensa: yau gaisuwar maƙwabci, gobe barcin da ya zo ba a nema ba. Mu da muka yi rashi mun san haka ne, ba labari muka ji ba.

Dutsen kuwa Almasihu ne. Ku saita idonku a kansa yau, tun kuna gani, yara da manya, domin ranar da duhu ya rufe ba lokacin nema ba ne. In ya rufe, kada ku yi ta taɓa aikin da hannu mai rawa. Ku tsaya kusa da Dutsen, ko da kalma ɗaya ce ta rage a bakinku.

In an tashi yau, kowa ya dubi wanda aka bar masa a gida. Ya gode wa Allah dominsa, ya kuma tambaye shi ko ya ci abinci.