Gidan da Ba Ya Jin Muryar Kowa Sai ta Maigida

A wani gari akwai wani magidanci, mutumin kirki, mai tsoron Allah. Ba ya fashin sujada, ba ya cin haƙƙin kowa. Abu ɗaya ne dai da shi: yana son a ji muryarsa. In an zauna cin abinci, shi zai yi addu'a. In gari ya waye, shi zai karanta Maganar Allah, shi zai ɗauko waƙa, shi zai yi addu'ar buɗewa, shi kuma zai yi ta rufewa. Matarsa Rahila da yaransu aikinsu ɗaya ne, su ce "Amin." Kuma gaskiya sun ƙware, duk unguwar ba gidan da ya kai su iya cewa Amin.

Mutumin nan yana zaune da mahaifiyarsa, tsohuwa ce tukuf, kowa Kaka yake ce mata. Idonta ya yi rauni, abu in ba babba ba ne ba ta ganinsa. Yana kuma da 'ya, Afiniki, wadda aure ya kai ta wata ƙasa mai nisa a hayin teku. Kaka ce ta raini Afiniki, a bayanta ta girma. In Afiniki ta yi kiran bidiyo, Kaka takan ji muryarta sarai, amma fuskar da ke cikin ɗan gilashin wayar nan, ina! Sai ta kai wayar dab da hancinta, ta juya ta nan, ta juya ta can, ta ce, "Ni duhu-duhu kawai nake gani."

Ana nan sai labari ya zo cewa Afiniki tana da juna biyu. Kaka ta ɗaga hannu sama ta ce, "Roƙona ɗaya ne ga Ubangiji, in ga fuskar abin da yarinyar nan za ta haifa kafin ya kira ni gida."

Maganar ta taɓa zuciyar maigidan, gama yana ƙaunar uwarsa ƙwarai. Ya ce, "Inna, za ki gani. Da girma ma za ki gani."

Sai ya nemo wani mai haɗa kayan zamani. Aka kafa talabijin a bangon falo, faɗinta ya kai ƙofar ɗaki in an kwantar da ita. Aka fasa silin aka ɓoye sifiku a ciki, sauti ya riƙa saukowa daga sama. Aka canja fitilu, aka sa wa labule ƙarfen da ke ja da kansa. Kada wani ya ce ai za a ɗauke wuta, mutumin nan har sola ya sa. Daga ƙarshe mai haɗin ya ajiye wata 'yar na'ura a kan tebur, ba ta fi gwangwanin madara ba. Ita ce kunnen gidan. Ka ce mata ta kunna, ta kunna. Ka ce ta kashe, ta kashe.

Mai haɗin ya ce, "Yallaɓai, saura abu ɗaya. Na'urar nan sai an koya mata muryoyin mutanen gida. Wanda ta sani za ta yi masa biyayya, wanda ba ta sani ba ko wuni zai yi yana magana ba za ta kula shi ba. A kira Mama da Kaka da yara, kowa ya zo ya yi mata magana."

Maigidan ya ce, "Tawa ta isa."

Rahila tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Baban Afiniki, a sa tawa mana, ko don wata rana."

Ya ce, "Wace rana? Ina nan, ba inda za ni. In kina son kallo ki faɗa mini, ni in faɗa mata."

Mai haɗin ya miƙo masa rimot-rimot ɗin kayan, ya ce a adana su. Maigidan ya ce, "Tafi da su. Maɓallan jikin talabijin ɗin ma ka kulle, kada yara su jagwalgwala mini kaya." Mai haɗin ya dubi fuskar maigidan. Ya yi yadda aka ce, ya kwashi kayan aikinsa ya tafi.

Kai, jama'a, zo ku ga murna! Maigidan zai tsaya a tsakiyar falo, ya sa hannu a baya, ya ce, "Buɗe labule!" Labule ya buɗe. "Rage fitila!" Fitila ta rage. "Sa mana waƙar yabo!" Sai waƙa ta cika gida har kicin. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo, yana nuna musu, suna tafa hannu. Amma in ya fita, gidan sai ya zama kurma. Rahila za ta wuni tana son jin waƙa, ba hali, sai ya dawo. Kaka kuwa kowace safiya takan gai da na'urar, "Ina kwana, 'yar nan?" Shiru. Sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan yarinya ba ta da tarbiyya."

Lokaci ya yi, Afiniki ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace. Aka shirya cewa ranar suna za a haɗa gidajen biyu ta kiran bidiyo. Can za a raɗa suna, nan kuma a kalla a babbar talabijin, Kaka ta ga tattaɓa-kunnenta. Bayan haka, kamar yadda aka saba a danginsu, addu'ar albarka ga jaririya daga gidan kakanni za ta fito.

Ranar jajibere maigidan bai zauna ba. Ya bi gida-gida yana gayyata. Ya dawo ya yi wa masu kafa rumfa tsawa, ya leƙa wurin masu girki ya koya musu aikinsu. Duk baƙon da ya shigo sai an buɗe masa labule an rufe, an sa waƙa, maigidan ya bi waƙar da ƙarfi har ya danne sifikun. In maƙogwaronsa ya bushe, ya kurɓi zoɓo mai ƙanƙara, ya koma ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ya ci gaba. Rahila ta ce, "Baban Afiniki, ka huta da muryar nan." Ya ce, "Murya ai ba ta ƙarewa."

To fa! Gari ya waye, murya ta ƙare.

Falo ya cika maƙil, matan zumunta a gefe guda, dattawa a gefe guda, ƙanshin waina da miyar taushe yana shigowa ta taga. An zaunar da Kaka a kujerar gaba, ta ɗaura zanenta na zuwa sujada, har kwalli ta sa. Wayar Rahila ta yi ƙara. Afiniki ce, tana cewa, "Mama, mun shirya, fasto ya iso. Ku haɗa mu da talabijin."

Maigidan ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya sa hannu a baya, ya buɗe baki. Abin da ya fito iska ce kawai. Ya yi gyaran murya ya sake. 'Yar fitilar na'urar ta haska, ta saurara, ta mutu. Ba ta san wannan mutumin ba. Aka kawo ruwan ɗumi da zuma, aka kawo citta, aka matsa lemun tsami. Ya sha har idonsa ya kawo ruwa, ya sunkuya dab da tebur yana raɗa. Talabijin tana nan baƙa ƙirin a bango.

Rahila ta gwada, shiru. Wani dattijo ya gwada da muryar wa'azi, shiru. Sai wani maƙwabci mai barkwanci ya tashi, ya turo ciki gaba, ya sa hannu a baya, ya kwaikwayi maigidan sak: "Kunna talabijin!" Falo ya ɓarke da dariya, wata mata har ta zame daga kujera. Kowa ya yarda ya iya kwaikwayo, na'urar ce kaɗai ba ta yarda ba. Aka kira mai haɗin, ashe ya tafi ƙauyensu biki, inda ba sabis.

Can kuma ba za su iya jira ba, mutane sun taru, fasto yana da wani wurin zuwa. Dole aka koma ga 'yar wayar Rahila. Aka raɗa suna: Alisabatu, sunan Kaka ne na yanka. Mata suka rangaɗa guɗa. Afiniki ta ɗaga jaririyar tana cewa, "Kaka, ga takwararki, kin gan ta?"

Aka sa wa Kaka wayar a hannu. Ta kai ta dab da hanci, ta juya nan, ta juya can. Dariyar falon ta ɗauke. Tsohuwa ta daɗe tana ƙoƙari, sa'an nan ta mai da wayar kunnenta. Daidai lokacin jaririyar ta tsala kuka. Kaka ta ce, "Na ji ta. Muryarta da ƙarfi, Allah ya raya. Amma ban gan ta ba."

Maigidan ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, baƙin ciki ya fi kunyar yawa, gama shi ya yi wa uwarsa alkawari, shi kuma ya tare hanyar cika shi.

Sai Afiniki ta ce, "Baba, yi mata addu'a."

Ya nuna maƙogwaronsa. Ya dubi yaransa, suka dubi ƙasa. Wani dattijo ya fara miƙewa don ya rufa asiri, sai Kaka ta ɗaga hannu ta ce, "A'a, Malam, mun gode. Addu'ar gida ce, kuma gidan nan ba a rasa baki ba. Rahila, taso."

Rahila ta taso. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa yin addu'a a fili a gaban mijinta ba. Ta fara, ta sarƙe, ta sake farawa. Ta ce, "Ya Uba, ka san ban iya tsara magana ba. Ga Alisabatu, kai ka ba mu ita. Ka riƙe ta a ƙasar da hannunmu ba ya kaiwa. Ka ba uwarta ƙarfi. Ka bar mana Kaka har ta ga fuskar yarinyar nan. Ga kuma baranka, mijina, wanda yake ɗauke da gidan nan shi kaɗai. Ka warkar da muryarsa, ka kuma hutar da shi. A cikin sunan Yesu." Falo ya amsa gaba ɗaya. Maigidan ya motsa baki zai ce Amin, ko ita ba ta fito ba, sai hawaye. Ashe shekara da shekaru yana kwana yana tashi da mai addu'a irin wannan bai sani ba.

Da muryarsa ta dawo, mai haɗin ma ya dawo daga ƙauye, maigidan ya tara gidan duka a gaban tebur, ya ce, "A fara da Inna." Aka koya wa na'urar muryar Kaka, da ta Rahila, da ta kowane yaro. Kaka da bakinta ta ce a kira mata Afiniki. Sai ga fuskar jaririya ta cika bango. Tsohuwa ta miƙe ba sanda, ta matsa, ta ƙura ido, ta ce, "Takwara! Kai, wannan goshin namu ne, ba inda ta bar shi." Aka yi ta dariya. Ranar suna dai ta wuce, ba a maimaita ta, amma Ubangiji cikin jinƙansa ya bar tsohuwa ta gani.

To, ga ma'anar wannan misali. Ba kayan zamani nake zagi ba, wanda Allah ya hore masa ya saya, ya gayyace mu mu zo kallo. Maigidan nan shi ne duk wanda aka danƙa wa mutane a hannunsa: uba a gida, uwa a cikin 'ya'yanta, shugaban mawaƙa, shugabar zumunta, har fasto. Na ga wasu mata a nan cikin majami'a suna murmushi suna satar kallon mazansu. Ku dakata, a cikinku ma akwai wadda 'yarta ta isa aure amma ba ta taɓa barinta ta ja addu'ar safe ba, wai za ta ɓata.

Na'urar nan ita ce irin tsarin da muke kafawa a gidajenmu, inda komai na Allah sai ya bi ta bakin mutum ɗaya. Muna yin haka da kyakkyawar niyya, shi ya sa ba mu ganin laifinsa. Amma Ubangiji ba haka yake ba. Ya san muryar tsohuwa, ya san ta yaro mai in'ina, ya san ta matar da ke sarƙewa, yana jin har wanda muryarsa ta dishe. Bai taɓa cewa ta mutum ɗaya ta isa ba. Mu ne muke koya wa iyalinmu haka, har su ɗauka sama ba ta buɗewa sai in Baba ya yi magana.

Kuma, 'yan'uwa, wata rana muryar nan za ta tafi. Ko tafiya ta ɗauke ta, ko ciwo, ko kiran da ba a dawowa. Ranar nan, wa zai yi magana da Allah a gidanka? In amsar ita ce ba kowa, to ba ka gama aikinka ba, komai daɗin addu'arka.

Saboda haka yau, in an tashi daga sujada kun koma gida, an ajiye abincin rana, kowa ya rufe ido yana jiranka kamar kullum, kada ka buɗe baki. Taɓa wanda yake kusa da kai, ka ce, "Yi mana addu'a." Zai yi shiru, zai ji kunya, wataƙila tuwon ma ya fara hucewa. Bar shi ya huce. Ka jira.